Tarihin Peugeot: Yadda zakin Faransa ya yi suna a titunan Afirka, da abin da masu motar suka shaida

Peugeot, wadda Hausawa suka fi sani da Fijo, na ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin ƙera motoci da har yau suke aiki a duniya. Kamfanin ya haura shekara 200 da kafuwa, ya kuma shafe fiye da shekara 130 yana ƙera mota. Asalinsa na ƙasar Faransa ne, amma da wuya a samu wani yanki a wajen Turai da motocinsa suka shiga rayuwar jama'a kamar yadda suka shiga a Afirka ta Yamma, musamman Najeriya, inda aka daɗe ana haɗa su a Kaduna.

Sai dai idan aka tambayi masu motar a yau, ra'ayinsu ya kasu gida biyu. Dattijon da ya tuƙa 504 zai ce ba a taɓa yin mota mai juriya kamarta ba, shi kuwa matashin da ya sayi 307 ta hannu yakan ce rabin rayuwarta a gareji ta yi. Tarihin kamfanin ya nuna cewa kowannensu yana da hujja, domin motar ta sauya, hannun da ke gyara ta kuma bai sauya tare da ita ba.

Daga injin niƙa zuwa zarto

Iyalan Peugeot mutanen yankin Montbéliard ne da ke gabashin Faransa, kusa da iyakar ƙasar da Suwizalan. A shekarar 1810 wasu 'yan uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da gidan niƙan hatsi na iyalinsu ya zama maƙerar ƙarfe. Abubuwan da suka fara yi sun haɗa da zarto da sifirin da sauran kayan aikin hannu. Daga baya zuri'arsu ta shiga ƙera ƙarafan lema, da injin niƙa gahawa a 1840, da na niƙa masoro a 1874.

A kan zarto ne hoton zaki ya fara bayyana. An yi masa rajista a matsayin tambarin kamfanin a 1858, ana nufin cewa haƙoran zarton suna da ƙarfi kamar na zaki, ƙarfensa yana lanƙwasa ba ya karyewa kamar gadon bayan zaki, yankansa kuma yana da sauri kamar tsallensa. Ke nan zakin ya girmi motar da shekara talatin da ɗoriya.

Armand da motar farko

Wanda ya karkatar da akalar iyalin zuwa abin hawa shi ne Armand Peugeot, wanda aka haifa a 1849. Ya zauna a Ingila ya ga yadda keke ke samun karɓuwa, da ya dawo gida sai kamfanin ya fara ƙera kekuna a 1882. A 1889 ya nuna wata mota mai ƙafa uku da ke aiki da tururi, wadda ya yi tare da Léon Serpollet, a babban baje kolin birnin Paris. Bai gamsu da tururi ba saboda nauyinsa, don haka a shekarar da ta biyo baya ya koma ga injin fetur na Gottlieb Daimler ɗan Jamus, wanda kamfanin Panhard et Levassor ke ƙerawa a Faransa.

Ba duka dangi ne suka yarda da wannan sabon abu ba. Ɗan uwansa Eugène yana ganin zuba dukiya a kan mota kasada ce. Saɓanin ya kai ga Armand ya ware ya kafa nasa kamfanin motoci a 1896 a garin Audincourt, ya kuma fara ƙera injinsa da kansa. Daga baya 'ya'yan Eugène su ma suka shiga harkar, aka sake haɗe ɓangarorin biyu a 1910. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda har yau ita ce cibiyar tarihin kamfanin.

Tun farko Peugeot ya fahimci cewa tsere shi ne talla. Motocinsa sun shiga gasar Paris zuwa Rouen ta 1894, wadda ake ɗauka a matsayin gasar motoci ta farko, suka raba kyautar farko da Panhard. Sun kuma lashe tseren Indianapolis na Amurka sau uku, a 1913 da 1916 da 1919.

Lamba mai sifili a tsakiya

A 1929 aka fitar da 201, wadda ita ce ta buɗe al'adar sanya wa motocin kamfanin lamba uku da sifili a tsakiya. Lambar farko takan nuna girman mota, ta ƙarshe kuma ta nuna zubinta. Ƙaramar mota ce mai araha, kuma ita ta taimaka wa kamfanin ya tsallake matsin tattalin arziƙin da ya karya masana'antu da dama a shekarun 1930.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun mamaye Sochaux suka tilasta wa masana'antar yi musu aiki. Jiragen Birtaniya sun yi mata ruwan bama-bamai a 1943, ma'aikata kuma sun riƙa lalata injina a ɓoye don kada abokan gaba su amfana. Bayan yaƙi aka farfaɗo da 203 a 1948, sannan 403 a 1955, wadda gidan zanen motoci na Pininfarina na Italiya ya tsara. Ita ce Peugeot ta farko da aka ƙera fiye da miliyan ɗaya.

404 da 504: motocin da suka ci Afirka

Sunan da Peugeot ya yi a Afirka ya ginu ne a kan motoci biyu. Ta farko ita ce 404 da ta fito a 1960. Ta lashe gasar Safari ta Afirka ta Gabas, wadda ake yi a kan hanyoyin burji da taɓo, har sau huɗu: a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ta biyu ita ce 504, wadda aka ƙaddamar a 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ita ma ta ci gasar Safari a 1975 da 1978.

Sirrin 504 yana cikin gininta. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na iya nutsewa da ɗagowa sosai ba tare da cikinta ya daki hanya ba, ƙarfin injin kuma yana tafiya ne zuwa tayoyin baya ta cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ke kare sandar. Injinta mai silinda huɗu ne, yawanci mai kafireto, babu wata na'ura a jikinsa da ta fi ƙarfin sifana da sukudireba. An yi ta iri-iri: salon, da doguwa mai layin kujeru uku, da a-kori-kura.

Doguwar ce ta zama motar haya ta dogon zango daga Senegal har Kamaru. A Senegal da lambar kujerunta bakwai ake kiran irin wannan haya. A Nijar kuwa, a shekarun 1970 da 1980, matasan Turawa kan sayi tsofaffin 504 su ratso Sahara ta Aljeriya, su biyo ta Arlit da Agadez su sayar, su koma gida da kuɗin jirgi. Motar da ta gama aiki a Faransa sai ta buɗe sabuwar rayuwa a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram.

An daina ƙera salon ɗin 504 a Faransa a 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina har 1999, a Kenya da Najeriya kuwa har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan ta yi kusan shekara arba'in ana fitar da ita sabuwa.

Masana'antar Kaduna

A zamanin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudiri aniyar a riƙa haɗa motoci a cikin gida. An yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a watan Disamba na 1972 a matsayin haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Tarayya da kamfanin Faransa, aka kuma buɗe masana'antar a unguwar Kakuri da ke Kaduna a 1975. A cikin wannan tsari ne aka kafa Volkswagen a Legas, daga baya aka ƙara da masana'antun manyan motoci a Kano da Bauchi da Ibadan da Inugu.

Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan lokaci da nisan Kaduna daga teku, an daɗe ana ɗauko sassan motocin da jiragen saman dakon kaya daga birnin Lyon zuwa filin jirgin sama na Kano, sannan a kwashe su a manyan motoci zuwa Kaduna. A shekarun da kasuwa ke ci, masana'antar tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, tana ɗaukar dubban ma'aikata, ga kuma ƙananan kamfanoni da suka rayu da sayar mata da batir da taya da gilashi da kujeru.

Abin da ya ƙara wa motar daraja shi ne matakin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauka bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, na rage facaka a tsakanin manyan jami'ai. Aka mayar da 504 motar hukuma tun daga kan shugaban ƙasa. Gwamna da kwamishina da babban sakatare da ɗan sanda duk Fijo suke hawa, ma'aikacin gwamnati kuma da ya samu rancen mota ita yake fara tunani. Bayanta 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji wannan matsayi.

Abin da masu tsofaffin motocin suka shaida

Yabon da direbobi suka fi yi wa 404 da 504 da 505 bai wuce abu uku ba: laushi a kan hanya mai ramuka, juriyar kaya, da sauƙin gyara. Direban haya kan cika ta da fasinja, ya ɗaure buhuna a sama, ya kama hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Sakkwato ba tare da fargaba ba. Idan ta tsaya a daji, sau da yawa shi da kansa zai buɗe bonet ya busa kafireto ko ya goge fulogi ta tashi. Idan abin ya fi ƙarfinsa, da wuya a rasa bakaniken Fijo a gari mafi kusa, kayan gyara kuma ga su jibge a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Ba a rasa ƙorafi ba. Bodin tsofaffin motocin yana saurin tsatsa, musamman a yankunan da ke da damshi. Suna shan mai idan aka kwatanta da ƙananan motocin Japan. Idan aka yi sakaci da lagireto injin kan yi zafi ya ƙone gasket. Hannun ƙofa da na'urar ɗaga gilashi da ƙananan wayoyi sukan riga injin gajiya. Amma duk waɗannan cututtuka ne da aka san maganinsu, kuma maganin bai fi ƙarfin aljihun mai mota ba. Shi ya sa ake haƙuri da su.

Haka abin yake ga motar ɗaukar kaya ta J5, wadda ta daɗe tana jigilar tumatir da albasa da attaruhu daga Arewa zuwa Kudu, har sunanta ya zama sunan duk wata mota mai irin wannan siffa a tashoshi da yawa.

Faɗuwa da tashi a Turai

Yayin da 504 ke sarauta a Afirka, kamfanin a gida yana faɗaɗa. Ya karɓe Citroën tsakanin 1974 da 1976, aka kafa rukunin PSA. A 1978 ya sayi reshen Chrysler na Turai tare da basussukansa, lamarin da ya jefa shi cikin mummunar asara a farkon shekarun 1980. Ƙaramar mota 205 da ta fito a 1983 ce ta ceto shi. An sayar da fiye da miliyan biyar. Nau'inta na tsere ya ci kambun duniya a 1985 da 1986, sannan Peugeot ya lashe gasar Paris zuwa Dakar sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, a shekarun da gasar ke ratsa hamadar Tenere a Nijar.

Daga nan motocin kamfanin suka koma masu jan gaba, 505 ta zama ta ƙarshe a cikin masu tura baya. An fitar da 405 a 1987, da 406 a 1995, da 206 a 1998. A Amurka kuwa kasuwa ta ƙi, kamfanin ya tattara ya fice a 1991.

Rikicin tattalin arziƙin Turai ya sake girgiza shi, inda rukunin ya yi asarar kusan Yuro biliyan biyar a 2012. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka zuba jari, kowannensu ya samu kusan kashi 14 cikin 100, daidai da abin da ya rage a hannun iyalan Peugeot. Wannan ne ya kawo ƙarshen rinjayen da iyalin suka riƙe tun kafuwar kamfanin. A ƙarƙashin Carlos Tavares rukunin ya koma cin riba, ya sayi Opel da Vauxhall a 2017, sannan a watan Janairun 2021 ya haɗe da Fiat Chrysler aka samar da Stellantis.

Zamanin kwamfuta da sababbin ƙorafe-ƙorafe

A wurin masu mota a Najeriya, 406 ce gada tsakanin zamani biyu. Ta gaji laushi da riƙe hanya irin na magabatanta, masu dogon zango suna yabon ta, har yau kuma tana da kasuwa a Arewa, musamman mai giyar hannu. Amma a zubinta na baya-baya aka fara shigo da tsarin da ya sauya komai: wani akwatin kwamfuta da ake kira BSI, wanda fitilu da makullai da mitoci da na'urar hana sata duk suke bi ta cikinsa.

A kan 307, wadda ta fito a 2001 ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta 2002, ƙorafin ya fi yawa, a Turai da Afirka baki ɗaya. Masu ita sun yi ta kukan fitilun gargaɗi da ke kunna kansu da saƙonnin matsala da ke bayyana a allo. Wannan akwati ba ya son raunin batir, ba ya son ruwa, ba ya kuma son a yanke waya a yi mata ƙari yadda masu gyaran waya suka saba yi wa 504. Giyar atomatik mai hawa huɗu da ake kira AL4 ita ma ta yi ƙaurin suna wajen maƙalewa a giya ta uku idan bawul ɗinta suka gaji.

Wani ɓangare na laifin yana wuyan masu gyara. Al'ada ce a gareji da yawa a cire na'urar daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan famfo a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, a kuma sa kowane irin baƙin mai aka samu. Tsohon inji yakan jure wannan, sabon inji kuwa da kwamfuta ke lissafa masa mai gwargwadon zafinsa ba ya jurewa. Ga kuma matsalar gurɓataccen fetur da jabun kayan gyara.

Amma akwai matsalolin da tushensu daga masana'anta ne. Injin fetur mai lita 1.6 da aka ƙera tare da BMW ya sha suka kan sarƙar da ke daidaita bugun inji. Ƙaramin injin PureTech mai silinda uku, wanda ya ci lambobin yabo na duniya shekara huɗu a jere daga 2015, an yi shi ne da bel da ke gudana a cikin baƙin mai. A motoci da yawa bel ɗin ya riƙa marmashewa kafin lokaci, ɓurɓushinsa ya toshe matatar mai, wani lokaci har ya shafi ƙarfin birki. Kamfanin ya yi kiranyen motoci masu yawa a Turai, ya tsawaita garanti, ya buɗe hanyar biyan diyya, a sabon zubin injin kuma ya maye gurbin bel da sarƙa.

Duk da haka motocin baya-bayan nan sun dawo wa kamfanin da martaba ta fuskar zane da jin daɗin tuƙi. An zaɓi 308 gwarzuwar Turai a 2014, da 3008 a 2017, da 208 a 2020.

Makomar Kaduna

Durƙushewar masana'antar Kakuri ta faro ne daga faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, ta kuma tsananta da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya darajar Naira. Tunda yawancin sassan motar daga waje ake sayo su, farashin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwa ta cika da motocin hannu 'yan Kwatano, akasarinsu Toyota da Honda da Nissan da Golf. Tsarin mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi da aka ɓullo da shi a 2003 ya rage sayen motocin hukuma, wanda shi ne babban abin da masana'antar ta dogara da shi.

A 2006 Gwamnatin Tarayya ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors. Bashi ya yi wa PAN katutu har hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. An koma haɗa 301 a 2014 bayan sabuwar manufar motoci ta ƙasa, sannan a 2020 kamfanin ya koma hannun wasu sababbin masu zuba jari. A gefe guda, an kafa Dangote Peugeot Automobiles Nigeria a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, wanda ya fara fitar da motoci a 2022. Yawan abin da ake haɗawa a yanzu bai kama ƙafar na zamanin 504 ba.

Ga mai shirin sayen Peugeot ta hannu a yau, shawarar da ƙwararrun makanikai suka fi bayarwa ita ce ya fara neman mai gyaran da ke da na'urar binciken motar kafin ya nemi motar kanta. Ya duba ko an taɓa yanke wayoyinta, ya tabbatar na'urar daidaita zafi tana nan, ya san nau'in injin da irin baƙin man da aka ƙayyade masa, sannan ya fifita giyar hannu a tsofaffin zubi. Waɗanda suka kiyaye waɗannan sharuɗɗa sukan daɗe da motarsu, waɗanda kuma suka kai ta inda ake gyaran 504 su ne yawanci ke sayar da ita da asara.